Shekarar da Muka Ci Baƙin Tabki

Bana ruwa ya ɗauke mana hatsi yana tsakar fitar da kai. Kwana ashirin da wani abu muna duban gabas. Hadari kan taso ya yi baƙi bisa duwatsun Allakaye, iska ta zo ta watsa shi. Da aka yi girbi, abin da gona biyu suka bayar jaki guda ya kawo shi gida. Shekaranjiya na bi ta bakin tabki neman yaɗiya, sai na ga tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu sun iso. Na tsaya na ƙirga su, abin da a da ba ya yiwuwa. Goma sha ɗaya ne. Suna caccakar laka a ɗan ruwan da ya rage tsakanin garake biyu na albasa, injin ban ruwa na ta ƙara kusa da su. Na zauna bisa wani dutse har rana ta kai tsaka, ina tuna shekarar da muka ci su.

Baƙin tabki muke ce masu a garinmu. Shamuwa na tafiya, su suna zuwa. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu jan ƙafa siririya kamar tsinke, cikinsu fari, bayansu baƙi. Akwai masu ruwan ƙasa, su suka fi yawa. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsi da ba su tsayawa wuri ɗaya, kullum suna gudu bakin ruwa kamar an aike su. Ba su shiga gona, ba su yin sheƙa, ba wanda ya taɓa ganin ƙwansu. In suka tashi gaba ɗaya sai ka ji kamar an yage sabon ƙyalle, su juya su yi fari, su sake juyawa su yi duhu. Suna nan duk ɗari, zafi na kamawa a wayi gari ba su.

A lokacin shekarata shida a ɗakin Illa. Ina da ɗiya, Asibi, tana cikin shekara ta huɗu, da kuma Idi a goye. Uwar Illa ta rasu tun kafin a kawo ni, sai ubansa, Baba Nomau, shi ne babban gida. Mahaifin Baba Nomau shi ne mai tabki a zamanin da, shi ke yanka baƙin bunsuru bakin ruwa farkon damina. Baba Nomau ya bar wannan duka tun yana saurayi, ya kama salla, jam'i ba ya wuce shi. Abu ɗaya ne bai bari ba: a gidanmu ba a kashe baƙin tabki, ba a cin namansu. Sauran mutanen gari ma ba su damu da su ba. Wa zai shiga laka don ɗan tsuntsu alhali ga zabi cikin daji?

Waccan shekara sau uku muka yi shuka. Ta farko rana ta ƙone ta, ta biyu rairayi ya binne ta. Ta uku ta tsiro, ta kai gwiwa, ta tsaya nan tana kallonmu. Sau ɗaya aka yi ruwan kirki, shi ma bisa duwatsu ya sauka, ba a gonakinmu ba. Ƙorama ta kwaso shi da ƙarfi, ta tafi da katangar mutum biyu, ta zuba shi a tabki. Sai ya zama muna da tabki cike, rihewa, rumbunmu na laka, ba kome. Mukan je ɗibar ruwa mu dubi faɗinsa, mu juyo mu dubi gonaki sun yi ja.

Ba a gama sare kara ba maza suka fara tafiya bida, neman kuɗi a ƙasashen waje. Illa ya shiga kamyo, babbar motar kaya, a Buza da wasu su tara daga garinmu, za su Abija, can kudu bakin teku. Ya bar mana akuya ɗaya da ɗan abin da ke gindin rihewa, ya ce duk wanda ya fara juyowa zai ba shi saƙo. Gari ya koma na mata da yara da tsofaffi.

Ga yadda kwanakinmu suke. Da an yi sallar asuba ni da maƙwabciyata Dije mu ɗauki ƙwarya mu hau dutse neman anza, wani ɗan icce mai 'ya'ya masu ɗaci. Tun muna samu kusa har ya zama sai mun yi tafiyar rabin wuni. Mu dawo mu ɓare, mu dafa 'ya'yan, mu jiƙa, mu yi ta sauya ruwa kwana uku ko huɗu kafin ɗacin ya ragu. Dilo ke nan. Ko ya jiƙu yaya, in ka ci sai ka ji maƙogwaronka kamar an goga mashi toka. Hatsi kuwa da tafin hannu nake aunawa, in dama hura mai ruwa-ruwa wadda kana ganin gindin ƙwarya ta cikinta. Akuya ta daina ba da nono, muka kai ta kasuwa, abin da ta kawo bai yi mana kwana goma ba. Muka koma dussa. Muka haƙa gidan tururuwa muna sheƙe ƙwayar ciyawar da suka tara. Babba yana iya haɗiye dilo ya kwanta. Asibi kan tauna ta zubar, ta dube ni.

A cikin haka baƙin tabki suka sauka, kuma ban taɓa ganin yawansu kamar na shekarar nan ba. Daga baya na gane dalili: sauran tabkuna duk sun ƙafe, namu kaɗai ya riƙe ruwa. Bakin ruwa ya yi baƙi da su. Ina cika tulu ina kallonsu, yawuna yana tsinkewa.

Kwana uku ina juya maganar kafin in iya faɗa. Tsakanin mace da uban mijinta akwai kunya, ban taɓa zama gabansa mun yi doguwar magana ba. Na same shi da hantsi yana tufkar igiya a ƙofar ɗakinsa, na durƙusa daga gefe, na ce, "Baba, yarinyar ga ba ta cin dilo. Ga nama can bakin tabki."

Bai ɗago ba. Ya ce yanzu suka iso daga tafiya mai nisa, ba kome jikinsu sai gashi da ƙashi, ko na kama goma ba su cika ludayi. Ya ce in jira ƙarshen ɗari, lokacin da suke shirin komawa, sa'an nan suke yin kitse har ba su iya tashi da sauri. Ya ce kafin nan ma saƙon Illa ya iso. Sai da na miƙe zan tafi ya ƙara da cewa, a hankali, "Kuma gidan ga ba mu taɓa ba, Habsu. Tun kakana."

Ko na kama, ni mace ce, ba ni yanka. Liman zai yanka mani in na kai mashi, amma in tsallake uban mijina in kai wa wani abin da ya hana, gari duka sai ya ji. Na jira. Wata biyu na jira. Kullum da la'asar Baba Nomau kan fita bakin hanyar Buza ya zauna ƙarƙashin wata aduwa, ko wani zai sauko da saƙo. Kullum ya dawo ya ce gobe.

Asibi ta daina wasa. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi, in na taje sai ya biyo matsefi. A da ita ce mai tsokanar kakanta, yana ce mata amaryata, tana ce mashi ba ta son tsoho marar haƙora. Yanzu sai ta zauna inda aka ajiye ta, ƙuda na sauka gefen bakinta ba ta kora. Sa'an nan ƙafafunta suka kumbura. Wata safiya Baba Nomau ya ɗauke ta bisa cinyarsa, ya ce amaryata ta yi ƙiba. Ya danna bayan ƙafarta da babban yatsa. Da ya ɗauke yatsan, ramin ya tsaya, bai cike ba. Ya daɗe yana duban ramin nan. Ya ajiye ta, ya shiga ɗaki, na ji yana ta birkice tarkace. Ya fito da wani tsohon ƙullin izgar doki.

Wunin ranar ya yi yana koya mani tarko. A murza izga biyu, a yi zarge, a ɗaura su jere bisa doguwar igiya, a kafe igiyar da turaku cikin laka inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Na yi mamakin yadda ya iya. Ya ce yana yaro ya yi wa kurciya, ba wa waɗannan ba.

Washegari da hasken asuba na bar wa Dije Idi na tafi. Sanyin lakar nan har yau in ɗari ya kama ina jin shi a ƙasusuwan ƙafata. Na kafa igiya, na koma bayan wata sabara na tsuguna. Suka tashi, suka yi kewaye, suka dawo suka sauka. Rana ba ta yi zafi ba na ga uku suna fuffuka wuri ɗaya. Da na kama na farko na ji zuciyarsa tana bugawa cikin tafin hannuna da sauri, jikinsa da ɗumi, ba nauyi ko kaɗan. Ƙashin ƙirjinsa kamar bakin wuƙa.

Na kawo su da rai cikin ƙwarya na rufe da faifai. Baba Nomau ya wanke hannu, ya fuskanci gabas. Na riƙe mashi fukafukan. Ya yi bisimilla ya yanka su ɗaya bayan ɗaya, ya goge wuƙar da ƙasa, ya tafi masallaci alhali lokacin salla bai yi ba. Na fige, na dafa da ɗan gishiri. Asibi ta sha romon duka, ta tsotse ƙasusuwan. Na kai wa Baba nasa a ɗan akushi, ya dawo mani da shi yadda na kai. Har aka gama bai taɓa sa ko ɗigo a bakinsa ba, amma kullum shi ke yankawa.

Dije ta koya daga wurina, wasu mata suka koya daga wurinta. Izga ta ƙare, muka koma zaren buhu. Kowace safiya sai ka ga mata goma cikin laka, zane a ɗage, ba mai magana da ƙarfi. Wadda ta samu da yawa ta ba wadda ba ta samu ba. Duk a ƙofar Baba Nomau ake kawowa, don tsofaffin da suka rage shi ne mai sauran gani. Mutumin da bai taɓa kashe ɗaya ba, a kwanakin nan ban san adadin da suka bi ta hannunsa ba.

Rana ta biyar ko ta shida na kama wani mai ruwan ƙasa da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, da rubutun boko ƙanana a jiki. Mata suka tsorata, wasu suka ce na aljannu ne, a sake shi. Baba Nomau ya yanka, ya cire zoben, ya ce in kai wa mushen lakwal, wato malamin makarantar boko. Mushe ɗan Madawa ne, lakwal ɗin ma ta watse, yara sun bi iyayensu neman anza, shi kaɗai ke zaune a inuwar aji. Ya juya zoben a rana, ya karanta sunan wani gari da ban iya maimaitawa. Ya ce can arewa ne ƙwarai, bayan hamada, bayan teku, bayan ƙasar Faransa ma, inda ruwa ke daskarewa ya zama dutse. Can suke yin ƙwai su ƙyanƙyashe. In sanyi ya taso su kamo hanya, su ƙetare teku, su ƙetare hamada ba ci ba sha, su sauka wurinmu. Wani mutum can ya kama wannan, ya sa mashi zobe ya sake shi, don yana son ya san inda yake zuwa.

Da na faɗa wa Baba Nomau, ya ce, "Ashe su ma bida sunka zo. Duk wagga tahiya, su ƙare cikin tukunyarmu."

Na sa zoben a zare na rataya wa Asibi. A kwanakin nan ta fara dawowa. Kumburin ya soma saɓewa, ta fara kuka in an hana ta abu, wanda rabona da in ji har na manta. Wata rana ta ja gemun kakanta. Na shiga ɗaki na yi kuka don daɗi.

Amma tabki yana janyewa. Inda na kafa turaku jiya, yau ya bushe ya tsage. Kullum sai mun ƙara shiga ciki, laka tana kai mu gwiwa. Ruwan ya yi kore, ya fara wari. Tsuntsayen suka cunkushe a ɗan abin da ya rage suna faɗa da juna. Kitsen da Baba ya ce za su yi, ba su yi ba. Wasu muna tsintar su matattu da safe, ba tarko ba kome, yunwa ce irin tamu.

Kwana goma sha biyu muka yi muna kamu. Ran na sha uku da la'asar sakaliya ina ɗauraye dilo bakin ruwa, sai na ji kukansu ya sake. Suka tashi gaba ɗaya, na ce yanzu za su sauka yadda suka saba. Ba su sauka ba. Suka yi ta kewaye suna hawa, suna hawa, har suka zama kamar hayaƙi, sa'an nan suka miƙe kudu. Ɗari bai ko ƙare ba. Baba Nomau ya ce tunda yake bai taɓa ganin sun tashi a wannan lokaci ba, kuma in za su tafi arewa suke yi. Da safe na je duk da haka na kafa igiya. Na zauna bayan sabara har azahar.

Bayan mako guda kumburin ya dawo, wannan karo har fuska. Na goya Asibi, na rungume Idi a gaba, na taka zuwa likita a Buza. Majo, mai duba marasa lafiya a wurin, mutumin kirki ne, ya duba idonta, ya duba ƙafarta, ya ce ba ciwo ba ne, cimaka take so, abinci mai gina jiki. Ya ba ni ɗan garin madara a takarda, ya ce abin da ke gare shi ke nan, ga layi can waje duk irin nata ne. Madarar ta yi kwana huɗu. Asibi ta yi kwana tara. Da hantsi ta cika, tana kwance bisa cinyata, ina tsammanin barci take.

Na yi ta lissafin watannin nan biyu. Da tun ranar da na durƙusa gabansa ya ce to, lokacin tabki na cike, lokacin yarinya na da ƙarfin tauna. Da na shanya wasu na ajiye. Ko ƙashi ne, ai da romo. Mutane suka ce kwananta ne ya ƙare, na ce haka ne. Na san haka ne. Amma lissafin bai bar ni ba.

Zafi ya kama. Tabki ya zama fili mai tsagewa, muna haƙa rami a tsakiyarsa muna kwarfar ruwa da ƙoƙo. Baba Nomau ya daina fita bakin hanya. Ina kai mashi dilo, ina ɗauke ƙwarya, ina gaishe shi safe da yamma yadda ya kamata, ban ƙara ko kalma ɗaya bisa gaisuwa ba. Wata rana da azahar ina tsugune ina sauya ruwan dilo, ya fito yana dafa bango, ya tsaya bayana. Ya ce, "Habsu, ni na ce ki jira. Ki yahe mani."

Na ci gaba da tsiyaye ruwa. Ba wai na ƙudurta ba zan yafe ba. Bakina ne ya ƙi buɗewa. Ya daɗe tsaye, ina ganin inuwarsa bisa ƙwarya, sa'an nan ya koma ɗaki. Na ce a raina gobe in na kai mashi ruwa zan faɗa. Goben ta zo ban faɗa ba, jibi ma haka. Kafin hadarin farko ya taso aka kai shi. Da ake wanke shi, liman ya ce bai taɓa ɗaukar babban mutum marar nauyi irin wannan ba. Sai a lokacin Dije ta gaya mani ta sha ganin yana juye rabonsa cikin ƙwaryata in na fita, don in samu nonon ba Idi.

Illa ya dawo da ruwan shuka, da buhun shinkafa da turmin atamfa. Saƙo ya ba wani tun farkon ɗari, mutumin ya kwanta ciwo a hanya, bai iso ba. Ya tsaya tsakar gida ya dubi ɗakin ubansa a rufe, ya dubi Idi yana rarrafe shi kaɗai. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban ba shi labari ba, har ya rasu shekara takwas da suka wuce.

Baƙin tabki sun dawo kaka ta gaba, sun ci gaba da dawowa, amma kowace shekara ƙasa da ta bara. Ƙorama ta yi ta kawo rairayi tana cike tabkin. Inda a da ruwa ke shanye mutum tsaye, yau garka ce. Abin da ya taru da damina injuna kan zuƙe shi kafin tsakiyar ɗari. Ban ga laifin masu albasa ba, su ma ita ce hatsinsu. Yanzu akwai wayar salula, akwai boutiki, kantin gari, cike da shinkafa da taliya ga mai abin saye. Anza kuwa an sare ta, sai ka hau dutse ka sauka ba ka cika ƙoƙo ba.

Idi yana Libiya, shekara biyu ke nan. A da yana kira duk Juma'a, tun watan azumi lambarsa ba ta shiga. Matarsa Rabi tana nan wurina da ɗiyansu uku, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Jiya da hantsi ta zo ta durƙusa daga gefe, tana wasa da bakin zanenta. Ta ce abin da ke rihewa ba ya kai mu wata biyu. Ta ce iyayenta a Sabon Gida sun aiko, akwai aikin dashen albasa, mace na samun abin da za ta ci da yara. Amma ba ta son ta bar ni ni kaɗai, kuma ba ta son Idi ya kira ya ji ta bar ɗakinta ba da izninsa ba. In na ce ta dakata, za ta dakata.

Na san in suka tafi ba mai ɗebo mani ruwa. Na san kuma irin wannan tafiya, ana cewa wata uku ne, gida ya rufe ke nan. Na dubi ƙafafun ƙaramin, ba su kumbura ba tukuna.

Na ce, "Ki tahi. Gobe akwai motar kasuwa. In ya kira, ni na ce."

Yau da safe na raka su bakin hanya. Na auna masu rabin hatsin, na ɗaure a buhu. Babbar jikata ta yi ta ɗaga mani hannu daga bayan mota har suka sha kwana. Na dawo na tarar Rabi ta cika mani randa da tuluna duka biyu kafin ta fita, ta jera itace kusa da murhu inda ba sai na sunkuya ba. In na yi tattali, ruwan zai kai ni Laraba.